Madalla da Masu Mulki: Gida Ya Yi Araha a Zurmi

Shekara da shekaru masana a Abuja suna gardama kan yawan gidajen da Najeriya take buƙata. Wani ya ce miliyan 17, wani ya ce 20, wani ya haye har 28. A yi taro a otal, a sha shayi, a kafa kwamiti. Tun 1992 doka ta ce a riƙa yankar kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci ana zubawa a asusun gidaje na ƙasa, ga shi ma'aikata da yawa suna yin ritaya a gidan haya. Ashe duk wahalar banza ake sha, maganin yana arewacin Zamfara. A ƙasar Zurmi da ta Shinkafi da ƙauyukan Kaura Namoda, gidaje ne suke neman mutane. Ba a ci bashin Bankin Duniya ba, ba a aza harsashi ko ɗaya ba. Rage masu kwana a ciki aka yi, sai lissafi ya daidaita da kansa.

Shi ya sa butulcin masu gidajen yankin yake ba ni mamaki. Za ka ga dattijo da gidansa na bulo, ciki da falo uku, ga zaure, ga shago biyu a bakin titi, ga rijiyar da ba ta ƙafewa ko a tsakiyar bazara. Ya damƙa wa dillalai tun damina waccan, wai har yau ba wanda ya taya, ko da tayin wulaƙanci ne. Ya shekara da "albarka" a bakinsa bai sami wanda zai faɗa wa ba. Sai ya zauna yana ƙorafi, maimakon ya gode wa Allah ya gode wa hukuma da ta raba shi da hayaniyar ciniki da rantse-rantsen ƙarya.

A yi adalci, aikin nan bai zo da sauƙi ba, domin wuraren nan a da masu tsada ne. A 1929 layin dogo ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya zo ya tsaya a Kaura Namoda, gyaɗa da auduga suka riƙa bin taragu zuwa bakin teku, baƙi suka cika gari. A 1983 aka buɗe kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a garin, duk mai ɗaki ɗaya na banza ya zama mai gidan haya. Shinkafi kuwa, ranar Alhamis sai ka rasa inda za ka sa ƙafa: shanu da raƙuma daga Nijar, manyan motoci daga kudu, fatake suna neman masauki. Fuloti kusa da kasuwar nan gado ne da ake rigima a kansa har gaban alƙali. Garin nan ne ya ba Najeriya Umaru Ali Shinkafi, Marafan Sakkwato, wanda ya riƙe hukumar tsaron farin kaya ta ƙasa daga 1979 zuwa 1983, ya kuma ba Zamfara gwamna, Mahmud Aliyu Shinkafi, daga 2007 zuwa 2011. Karya darajar ƙasa irin wannan sai an dage, kuma sai gwamnatoci sun miƙa wa juna aikin ba tare da hassada ba.

Sun kuwa miƙa. A 2018, shekarar da aka yi kisan Birane a ƙasar Zurmi, Gwamna Abdul'aziz Yari ya fito fili ya ce ya ajiye matsayinsa na babban jami'in tsaron jiha, tunda ba shi da iko da masu bindigar gwamnati. Tawali'u ke nan. Kujerar gwamna dai bai ajiye ta ba, don kada a ce ya cika zafin rai. Bello Matawalle ya zo a 2019 da sulhu, aka zauna da mutanen daji masu bindiga, aka gaisa, aka ɗauki hotuna. A 2022 gwamnatinsa ta shawarci jama'a kowa ya nemi lasisi ya mallaki bindiga, wato an ɗauke wa talaka nauyin jiran hukuma. A shekarar ce kuma aka tuɓe Sarkin Zurmi na lokacin bisa zargin alaƙa da ɓarayin daji, don mai sayen gida ya san ko fada ya kai ƙara sai ya yi tunani. Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairun 2024. Ta ɓangaren tarayya kuma ba a yi mana rowar sunaye ba: Harbin Kunama, Sharan Daji, Hadarin Daji, Fansan Yamma. Duk wanda yake raɗa wa rundunonin nan suna ya cancanci lambar yabo ta adabi.

Amma gwanintar da ta fi burge ni ita ce ta Satumban 2021. Dillali abu biyu yake ci da su, waya da ranar kasuwa. A wata ɗaya aka raba shi da duka biyun: aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako. An yi ne don a matsa wa ɓarayi, kuma lallai an matsa wa wani. Dillalin da a da yake yini yana zirga-zirga tsakanin mai saye da mai sayarwa ya sami hutun da likita bai taɓa rubuta masa ba. Da aka dawo da layi, mutanen daji su ma suka ba da tasu gudunmawar: a Afrilun 2024 sun shiga garin Zurmi, sun taɓa fadar sarki, sun lalata ƙarfen sadarwa. Ka ga haɗin kai.

Yanzu bari mu taimaki dattijon nan da shawarwarin da ƙwararrun birni suke sayarwa kan yadda ake jawo masu saye. Na farko, in ji su, a yi wa gida gyaran fuska: sabon fenti, tayil a falo, ƙyauren ƙarfe mai sheƙi. Shawara ce mai kyau, kuma a yankin nan tana aiki da gaggawa fiye da ko'ina. Ka shafa fenti da safe, kafin magariba labari ya kai wa ɓarayin dajin Dumburum cewa Alhaji ya sami kuɗi. Masu sha'awa za su zo, kan babura, uku-uku, ba sa ma jiran gari ya waye. Ba sa tambayar takarda, ba sa ƙorafin silin yana yoyo. Gidan ne dai ba sa ɗauka, mai gidan suke so.

Na biyu, a yawaita talla. A ɗauki hoto mai haske a sa a Facebook da WhatsApp, a rubuta lambar waya da manyan baƙaƙe a jikin katanga. A Abuja kuɗi ake biya kafin talla ta kai ga wanda ake nufi. A nan kyauta ne, akwai infoma a tasha da majalisa da wurin mai shayi, masu aiki ba dare ba rana, ba su taɓa yajin aiki ba. Nan ne kasuwar ta kai maƙurar kyau. Wanda ya sayar an san kuɗi sun shigo hannunsa. Wanda ya saya an san yana da su tun farko. Dillalin da ya karɓi la'ada shi ma an san rabonsa. Shaidun da suka sa hannu an san sun san inda kuɗin suke. Ciniki ɗaya, mutum biyar sun shiga rajista. Don haka gida mai neman mai saye dole a sayar da shi ba tare da kowa ya ji ana sayarwa ba, kuma wannan fasaha ce da ba a koyarwa ko a jami'o'in Ingila. Dillali yakan matso ya yi ƙasa da murya: "Alhaji, gidan ga na nan, amma don Allah kak ka ce ni na hwaɗi." Mai saye ya ce zai yi shawara. Shawarar takan kai shi Gusau.

Na uku, a bayyana kyawawan siffofin gida. Nan ma zamani ya zo da ci gaba. A da ana cewa kusa da masallaci, kusa da kasuwa, ga iska. Yanzu iska aibi ce, domin gidan da ke shan iska a gefen gari yake, shi ake fara gaisarwa. Abin da ake tallatawa shi ne tsakiyar gari, lungu mai ƙunci da babur ba ya shiga, ƙofar baya, katangar da tsoho zai iya haurawa. In akwai shingen sojoji kusa, a faɗa, amma kada a yi alƙawarin zai kai baɗi. Wanda gidansa yake ƙauye yana iya rubuta "unguwa ce mai shiru, ba rigimar maƙwabta" kuma ko a gaban alƙali ba za a kama shi da ƙarya ba. In da gona a haɗe, a sanar da mai saye cewa tsarin haraji a sauƙaƙe yake: a biya kafin shuka, a biya kafin girbi, ba layi, ba cike fom, masu karɓa su suke zuwa da kansu. Mutanen Moriki, waɗanda ɗan bindiga Bello Turji ya aza wa harajin miliyoyi, za su iya ba da shaida cewa ba a taɓa mantawa da su ba.

Kada a ce ba a ciniki sam, a zalunci bayin Allah masu tausayi. Akwai mai saye, kuma yana da lokacin da yake bayyana. Sai an ɗauke ɗa ko mata, an bugo waya an sa wa'adi, an sayar da shanu da hatsi da keken ɗinki, an yi karo-karo a masallaci bai kai ba. A nan attajirin yakan fito, fuska cike da jimami. "Baba, wallahi ba don ina buƙata ba, don dai in taimaka ne." Sai ya taya gida da gona a rabin rabin kuɗinsu. Baba ba ya cewa albarka, wa'adi ba ya barin mutum ya yi wannan alfarmar. Ya ce ya sallama, har ya bi shi da addu'a. A kira mai unguwa, a rubuta takarda, dillali ya cire la'adarsa cif, domin sana'a sana'a ce. Masana tattalin arziki suna yabon kasuwar da kadara take saurin zama kuɗi. To a zo a ga gidan da aka yi shekara ashirin ana ɗora masa bulo ya zama kuɗi tsakanin azahar da la'asar, ya hau babur ya shiga daji. Ko ana samun abin da aka biya dominsa, wannan a tambayi mutanen Banga ta ƙasar Kaura Namoda. A Yulin 2025 an biya kuɗin fansa, aka kashe fiye da mutum 30 daga cikin waɗanda aka kama.

Wani zai ce to ai masu gida sun yi asara. Wannan kallon gefe ɗaya ne. Abin da ƙauye ya rasa, birni ya samu. Duk iyalin da ya kulle ƙofa a Kware ko Dauran ko Gurbin Ɓore sai ya nemi inda zai sa haƙarƙarinsa a cikin Kaura ko Gusau, kuma masu gidajen haya a can ba su taɓa ganin shekaru masu albarka irin waɗannan ba. Kangon da ba rufi ya sami masu zama. Ajin makaranta ya zama ɗakin kwana. Mutumin da yake da ɗaki shida a garinsu yanzu yana koyon zumunci da 'ya'yansa tara a shago ɗaya. Wasu dubbai ma sun ƙetare zuwa jihar Maraɗi, mun fara fitar da masu haya ƙasar waje. Ƙungiyar likitocin MSF, wadda take aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi, ta auna yara a yankin a 2024 ta tarar fiye da ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Yaro mai tamowa ba ya cin wuri, wannan ma sauƙi ne ga mai ɗaki ɗaya.

Ta fannin takardu kuwa ba abin da za a ce sai sambarka. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa duk ƙasar jiha amana a hannun gwamna, kuma Zamfara tana da hukumar ZAGIS mai kwamfutoci da taswira, wadda za ta iya nuna maka iyakar fulotinka daga sararin sama. Daga sama kam komai yana nan daram. An yi rabon aiki ne na fahimtar juna: takarda tana Gusau, ƙasar tana hannun wanda yake kwana a kanta da bindiga. Mai gida yana da cikakken 'yancin ɗaukar takardarsa ya kai banki jingina, manaja kuma yana da cikakken 'yancin karanta sunan garin ya tambaye shi ya iyali.

Ga dattijon da har yanzu bai haƙura ba, ina da albishir. Zaɓen 2027 yana tafe, kuma akwai masu buƙatar gida a kowace mazaɓa, ko da mazaɓar da ba kowa a cikinta ce, tunda akan sami ƙuri'a a can. Su ba sa tsoron sabon fenti, da bokitinsu suke zuwa, su shafe katanga da launin jam'iyya, su manna hoton mai gidansu yana murmushi. Suna da kuɗi, suna da rakiyar motocin 'yan sanda, ba infoman da ya isa ya ɗaga musu hankali. Sai dai kada ya yi musu maganar saye, zai ɓata musu rai. Haya za su nema, ta wata uku, kuma da rana kaɗai.