Wasiƙa zuwa ga Kaka daga baran ƙudan zuma

Kaka,

Ina fatan kana lafiya, kai da amaryata da na ba ka ajiya. Ka ce mata ta ƙara haƙuri da tsoho, angon gaske yana nan tafe.

Albishirinka, na gaje ka! Na shiga kiwon zuma a nan Minesota. Amma kada ka yi saurin sa a yi guɗa. Kai dai ka saƙa amya, ka shafe ta da kashin shanu, ka ɗora a kan ɗorawa, ka kama gabanka, ƙudan su zo da kansu. Nan kuwa sayensu ake yi. Ana auna su a sikeli kamar naman mahauta, kusan kilo ɗaya da rabi har da sarauniya, a loda su a mota tun daga Kalifoniya.

Yanzu muna ƙarshen Fabrairu, ƙanƙara ta rufe ko'ina, wani daren sanyi yakan wuce digiri 20 ƙasa da sifili. Mutanen nawa sun dunƙule wuri guda cikin akwati, sun sa sarauniya a tsakiya, suna ta makyarkyata don su ɗumama juna. Babu fita, babu aiki, sai ci. Tun kafin sanyi ya shigo maƙwabcina, wani dattijon Bature da ya daɗe a harkar, ya ce in bar musu zuma wajen kilo 35. Kaka, kilo 35! Ina kallo, ko lasa ban yi ba.

Kuma wai yanzu ne lokacin haɗari. Sarauniya ta soma saka ƙwai, 'ya'yan suna bukatar ɗumi na digiri 35, sai cin ya ninka, ga shi ko fure ɗaya babu a waje. Yunwa tana kashe su a daidai wannan lokaci. Buɗe akwatin a tona ciki kuwa haramun ne sai rana ta yi ɗumi. To yaya zan san ko rumbunsu ya yi ƙasa? Sai in zagaya baya in ɗan ɗaga akwatin da hannu. In ya yi nauyi, alhamdu lillahi. In ya yi shafal, sai in ɗaga murfi da sauri in ajiye musu curin sukari, don mai ruwa ba ya yi a sanyi. Ka ji fa: ni, jikanka, nake sayen sukari da kuɗina ina ciyar da ƙudan zuma. Ni ke share musu gawarwaki daga bakin ƙofa da waya, ni ke gadin kada ɓera ya shiga. Har kunne nake kangawa a jikin katako in ji ko masu gida suna numfashi.

Tsabta dai suna da ita. Ba sa zagayawa a cikin ɗaki, sai su riƙe har ranar da ɗumi ya kai wajen digiri 10, su fito gaba ɗaya su sauke nauyi. Ƙanƙarar duk ta yi ɗigo-ɗigo rawaya, har da motar wata maƙwabciya. Na ce ban san 'ya'yan wa ba ne.

Ga wani abu da ya shafe ka kai tsaye. Da sanyi ya ƙarato, matan sukan jawo mazan su jefar waje, tunda ci kawai suka iya. Kada ka bari amaryata ta ji wannan labari.

Shirin fitowar furanni nake yi yanzu: gyaran akwatuna, fenti, da maganin wata 'yar kaska ja, Varroa, wadda in aka yi sake sai ta ƙarar da gida. Dattijon ya ce in Afrilu ya yi kyau itatuwa za su ba su abinci, in huta da cefane. Allah ya sa.

Ka gaida Kawu da su Inna da duk mutan gida. Hoton da na turo wa Yaya, mai fararen kaya da raga a fuska, a daina yaɗawa a gari cewa na zama ɗan sama jannati. Kayan zuwa bayan gida ne, wurin akwatin.

Naka,
Jikanka na ƙasar ƙanƙara