Ɓerayen Rumbu Masu Ƙafa Biyu

Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Gwarzo a ƙarshen Satumba, da ya wuce Rimin Gado ya shiga ƙasar Kabo, ba sai an gaya masa kaka ta yi ba. An shanya masara har bakin kwalta, yara kuwa kowanne da tumu a hannu, baki duk gawayi. Yaron da a watan Agusta yake lashe kwanon tuwo har da bayansa, yau shi ne ake miƙa wa abinci ya kau da kai, wai ya ƙoshi. Da me? Da ɗanyar gyaɗa, da takanɗa, da rogon da ba a san gonar wa ya fito ba.

Sakamakon sai tsakar dare yake fitowa. Ciki ya murɗa, uwa ta tashi da fitila tana safa da marwa tsakanin ɗaki da bayan gida, maigida na ta sharar minshari. Gari na wayewa sai ya gyara murya ya ce, "Ke fa ba kya sa ido a kan yaran nan." Tsohuwar gida, wadda ita ce ta cika wa yaron aljihu da gyaɗa jiya da yamma, tana gefe tana jan carbi, ta ce ai haƙori ne. Yaro ɗan shekara biyar, haƙori! Ga sauro ya ƙoshi da ruwan damina. Masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi sun bi gida-gida, sun ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 na ranar farko a gabansu, suka bar wa uwa na kwana biyu. Na kwana biyun nan yana can cikin kwalla, kusa da maɓallan da suka ɓalle bara. Gidan sauron kuwa yana bakin aiki a tsakar gida, an lulluɓe shanya da shi don kada kaji su taɓa.

Makaranta ta koma tun Satumba, amma aji ba ya cika sai an gama cirar gyaɗa. Uba ya ce boko ba ya guduwa. Ba ma mai kawo ƙara, don malamin ajin shi ma an gan shi a tasa gonar.

Sai kala. Daga Garo har Getso, daga Kutama har Lakwaya, kala ita ce sana'ar farko ta ɗan ƙauye. Yaro ya ɗauki ɗan kwano da guntun ƙarfe, ya wuni yana tonon gyaɗar da ta maƙale a ƙasa bayan masu gona sun kwashe. Akwai kuma masu hanzari, waɗanda suke fara kalarsu tun kafin mai gona ya kwashe, amma wannan shari'a ce ta mai unguwa. Da yamma yaro ya dawo fututu da ƙura, ya dire kwano cike da alfahari. Nan take uwa ta zama banki.

"Kawo in ajiye maka, ɗan albarka. In ta taru sai in saya maka akuya."

Jama'a, ina akuyar nan take? Kakanninmu an yi musu alkawarinta, iyayenmu ma haka, mu ma haka. Da a ce duk akuyar da aka yi wa yaran Gwarzo da Kabo alkawari an saya, da babu harawar da za ta kai Disamba a yankin nan. In yaro ya yi ƙarfin halin tambaya, sai a ce, "Sabulun da kake wanka da shi, daga sama yake faɗowa?" An rufe asusu ke nan, sai wata kakar.

Ana cikin haka maigida ya leƙa ɗakin ajiya, ya ga buhu ya rankwafe. Ya tara gida a yi bincike. Gaskiya dai kowa na da hannu. Auta yana dumbuzar masara ya kai wa mai awara, ta ba shi yanka biyu da yaji. Uwargida tana ɗibar tiya guda saboda zubin adashi, da wata tiyar saboda ankon bikin da ke tafe, don kaka ba ta zuwa ita kaɗai sai da ganga. Tsohuwa kuwa ba ta iya ganin baƙo ya fita hannu rabbana. Amma da yake ba a dukan uwargida, ba a kuma tuhumar tsohuwa, sai a ce ɓera ne, a aro kyanwa daga maƙwabta, a kuma ja kunnen auta don kada zaman ya tashi a banza.

Abin da ba a kawo a zaman ba shi ne babban ɓeran, mai babbar riga. Shi ba ya dumbuza, amalanke yake kira. Ranar kasuwar Getso ya kai buhuna a daidai lokacin da hatsi ya fi kowane lokaci araha, dillalai suka loda a mota sai Dawanau. Ya dawo da sabuwar waya da shadda, ya kai babur aka wanke masa inji. Ba a jima ba aka fara jin ƙamshin turare bayan la'asar, wai yana zuwa duba wani aboki mara lafiya a ƙauyen gaba. Abokin nan kullum sai ya sa hula mai kyau ake duba shi. In liman ya tuna masa da zakka, ɗaya bisa goma na abin da ruwan sama ya shayar, sai lissafi ya gagare shi, shi da ya san kuɗin lefe har na kwalli.

Ku jira watan Yuli. Za ku gan shi a layin masu awo da leda a hannu, yana sayen irin masarar da ya sayar, tiya-tiya, da tsada, yana zagin 'yan kasuwa da rashin tsoron Allah. Ya dawo gida ya ce yaran nan sun cika ci.

Ni dai hukuncina a bana shi ne a saki kunnen auta, a mayar wa maƙwabta kyanwarsu, makullin ɗakin hatsi ya koma hannun wanda ba shi da aboki mara lafiya a ƙauyen gaba. Ku kuma iyaye mata, don Allah, ko 'yar ƙaramar akuya ce, a fito da ita yaran nan su gani da idonsu.