Yadda Za Ka Gane Injin J5 Ɗinka Ya Buga, Ko Da Ba Ka So

Ba zan ɓata maka lokaci da zancen duba baƙin mai da ruwa kowace safiya ba. Duk mai tsohuwar J5 mai shan gas da ke jigilar rogo da masara tsakanin Wagini, Batsari da Katsina ya san wannan, kuma ba ya yi. Tawa tana can garejin wani bawan Allah, an cire mata kai an jingine a gindin bedi, shi ya sa na samu sararin koyar da jama'a.

Na ɗaya, hayaƙi. Ka sa yaron mota ya taka totur, kai kuma ka zaga wajen salansa. Baƙin hayaƙi na nufin gas ya fi iska yawa: ko matatar iska ta cushe da ƙura, ko nozul sun daina feshi sun koma ɗiga. Wannan da sauƙi, ka gode wa Allah. Shuɗi na nufin baƙin mai ne ke ƙonewa, ringi sun cinye. Fari da asubar hunturu bai zama abin tashin hankali ba, sau da yawa hita ce ta mutu, gas ya fita bai ƙone ba. Amma farin da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ga lagireto na shanye ruwa babu inda ake ganin yoyo, to ruwa ne ke shiga silinda. Tawa kuwa ba ta nuna bambanci, kala ukun take fitarwa, kowane da lokacinsa.

Na biyu, zaro sandar auna baƙin mai. In ka ga ya koma kalar shayi mai madara, gasket ya ƙone ko kan injin ya tsage. Da safe kafin inji ya yi zafi, buɗe murfin lagireto ka tayar. In ruwan na tsartuwa da kumfa, magana ta ƙare.

Tunda mun zo kan zafi, bari in tsaya a nan. Wa ya fara koya wa kanikawa cewa abin da ke daidaita zafin inji, wanda suke kira tamostat, na ƙasar sanyi ne? Mota ta shigo da shi lafiya lau, a cire a jefar, a ce maka, "Alhaji, wannan na Turawa ne, nan ai zafi gare mu." Sai a haɗa fanka kai tsaye da waya, allurar zafin da ke gaban direba ta mutu, a ce ba ta da amfani, ai hanci na ji. Lagireto kuwa a ɗura masa ruwan rijiya ko na kududdufi da laka da komai, har hanyoyinsa su toshe. Ranar da ta tafasa a hanya, yaron mota ya sheƙa wa injin ruwan sanyi yana cikin huci, kai ya lanƙwashe, sannan kowa ya taru yana jinjina ikon Allah. Mutumin da ya cire tamostat ɗin shi ne kuma zai karɓi kuɗin gasket. Da ya karɓi nawa bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Na uku, ko na huɗu, ƙara. An ce ka saurari bugu mai nauyi daga ƙasan inji, wanda ke ƙaruwa in an taka totur, wai shi ne alamar metal ya cinye, karanshaf na gab da tafiya. Shawara ce mai kyau ga wanda motarsa ke da ƙara guda ɗaya. Injin gas ba shi da fulogi, matsi ne ke kunna man, don haka ko yana da lafiya ƙwanƙwasa yake yi. Ƙara da ƙofar da aka ɗaure da roba, da salansar da aka ɗaure da waya, da akuyar fasinja. Masu sani suna sassauta bututun nozul ɗaya bayan ɗaya: wanda aka sassauta muryar inji ba ta canza ba, silindarsa ce matacciya. In ka juye baƙin mai ka ga yana ƙyalli da garin ƙarfe, kada ka ƙara tayarwa, nemi igiya.

Na gaba: buɗe murfin baƙin mai inji na aiki. In yana busa hayaƙi da ƙarfi, ringi ne. Shi ke nan.

Kamfanin Peugeot ya fara fitar da J5 a 1981, a masana'anta ɗaya da Fiat Ducato da Citroën C25 a Italiya, aka maye gurbinta da Boxer a 1994. Wato ƙaramar cikin motocin J5 ta haura shekara 30. A Turai da yawa an mayar da su gidan tafi-da-gidanka, da gado da murhu, tsoho da matarsa su je bakin teku su kwana. In ta lalace musu, su dafa shayi su jira mai ja. To kai wa za ka jira? Mota ta mutu maka bayan la'asar a hanyar da ke maƙwabtaka da dajin Rugu, ba kalar hayaƙi kake dubawa ba, rana kake dubawa. A 2021 da aka katse layukan waya a Batsari da Safana da wasu ƙananan hukumomi, ko bakaniken ba ka iya kira ya yi maka ƙaryar yana hanya. Mu binciken inji ba sha'awa ba ce, lissafi ne na ko za ta kai gari kafin magariba, kuma wallahi abin ya ishe mu.

Sauran shawarwarin na manta lambarsu. In bakanike ya ce "ƙaramin abu ne", tanadi kuɗin gasket. In ya ce "sai mun buɗe mun gani", tanadi na ringi da metal. In ya yi shiru, ya goge hannu da tsumma, ya tambaye ka lafiyar iyali, to sai ka fara tambayar nawa ake sayar da inji ɗan Beljiyam a Ƙofar Ruwa, Kano. Na tambaya. Mai kayan ya faɗi kuɗin, ya ce kuma garantin sati ɗaya ne, daga ranar da na biya, ba ranar da aka ɗaura ba.