Yadda Ake Furta Kalmar Faransanci da Ingilishi

Da farko ka san asalin lamarin. A shekarar 1066 Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, sai fada da kotu suka koma Faransanci. A 1362 aka kafa dokar cewa a riƙa yin shari'a da Ingilishi. Dokar da Faransanci aka rubuta ta. Riƙe wannan da kyau, domin a kansa sauran darasin ya hau.

Matakin farko, jefar da sautin ƙarshe. Bafaranshe yakan haɗiye baƙin da ke ƙarshen kalma, don haka kai ma ka haɗiye, har a wurin da shi yake furtawa. Ɗauki coup de grâce, wato bugun ƙarshe da ake yi wa wanda ya jikkata don a hutar da shi. A Faris ana cewa “ku da gras”. Kai ka ce “ku da gra”. A kunnen Bafaranshe ka ce bugun kitse ke nan, amma ba da shi kake magana ba.

Na biyu, idan ƙarshen kalma ya rikita ka, rufe ta da “ei”. Lingerie, kayan ciki na mata, a bakin masu ita da “ri” take ƙarewa. A Amurka ka ce “lanjarei”. Wannan ya fi na Faransawan kama da Faransanci, kuma abin da ake nema ke nan.

Kafin ka buɗe baki, tabbatar da ƙasar da kake tsaye. Kalmar lieutenant ba ta da harafin f ko ɗaya. A Landan dole ka furta shi, ka ce “leftenan”. A Washinton ka bar shi. Mu ta hannun Ingila muka karɓi muƙamin, shi ya sa laftanar ɗinmu ya zo da f ɗinsa. Ita kuwa colonel ba ta da r, saboda haka Ba'amurke yana sa mata guda a tsakiya.

Yanzu shiga gidan abinci a Chicago, inda aikin ya fi bukatar natsuwa. Wanda zai tarbe ka a ƙofa, a Faransa sunansa maître d'hôtel, shugaban masu hidimar gida. Kai ka ce “meitar di”, ma'ana “shugaban”, ka tsaya cak. Kada ka faɗi shugaban mene ne, ya sani. Zai miƙa maka takardar abinci, ka nemi inda aka rubuta entrée. Ma'anarta shiga, kuma a Faransa ita ce 'yar miya ko salak da ake buɗe ciki da ita. A nan ita ce babban faranti na nama da dankali, wanda ke zuwa bayan ka riga ka shiga. Idan akwai mawaƙi kuma ya burge ka, ɗaga murya ka ce encore don ya maimaita. Faransawa a irin wannan hali bis suke cewa. Idan ka gaji, nemi chaise longue, doguwar kujera, sai dai ka sauya wa haruffa wuri ka ce lounge, tunda kishingiɗa za ka yi a kai.

Sunayen garuruwa ma haka ake bi da su. Versailles ta Faransa “Barsai” ce. Ta jihar Kentaki “Barseilz” ce, ana furta duk abin da aka rubuta. Des Moines kuwa, babban birnin jihar Ayowa, “Di Moin” za ka ce, ka bar s ɗin biyu a takarda.

Wata rana za ka zauna da baƙo daga Yamai ko Maraɗi wanda ya yi boko da Faransanci tun daga firamare. Zai furta kalmomin nan duka yadda ake furta su a Faris. Kada ka kunyata shi a gaban mutane. Ja shi gefe, ka faɗa masa “ku da gra” a hankali, sau biyu, ka sa ya maimaita.