Na Yi Hijira Daga Salfet Na Faɗa Cikin Miya

Babu ranar da mace ta fi saurin gaskata jita-jita kamar ranar tsifa. A ranar ce za ki zauna da tsinke da mataji, ki kwance kitson da ya kwana biyu, ki ga gashi yana taruwa a cinyarki har ya yi dunƙule, zuciyarki ta shiga neman wanda za ta ɗora wa laifi. To a irin wannan rana ne wani bidiyo ya faɗo zauren WhatsApp na matan unguwarmu. Wata baiwar Allah ce mai gashi har gadon baya, ta riƙe kwalbar shamfu da yatsu biyu tana yamutsa fuska. Ta ce duk shamfun da aka rubuta salfet a jikinsa guba ne. Shi ke cinye gashi, shi ke kawo sanƙo, shi ke kawo ciwon daji, kuma asalinsa ma na wanke mota ne.

Da rabin kai a tsefe na miƙe na nufi banɗaki. Na juya bayan kwalbata, na ƙanƙance ido saboda ƙanƙantar rubutun. Abu na farko ruwa. Na biyu sodiyam loret salfet. Na ɗauko man goge baki, shi ma ga ɗan'uwansa, sodiyam loril salfet, zaune daram. Ashe shekara da shekaru da maƙiyi nake kwana, har ina kai shi baki safe da dare.

Na fito na tarar da maigidan yana sauraron labarun yamma a rediyo. Na ce, "Abban yara, yau na gano abin da ya yi maka sanƙo."

Ya shafa tsakiyar kansa ya ce, "Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa ganin shamfu ba, kuma nasa ya fi nawa haske. Gado ne, baiwar Allah."

Ban saurare shi ba. Wanda ya riga ya rasa gashinsa ba shi da ta cewa a taron masu ceton nasu. Washegari na kira yaron da ke wanke mana mota na miƙa masa kwalbar. Tunda an ce ta mota ce, sai ta koma wajen danginta.

Zangon farko na hijirata Kasuwar Sabon Gari ne. Na sayo shamfu marar salfet, 'yar ƙaramar kwalba mai hoton ganye, da kuɗin da ya isa cefanen gida. Na zuba, na cuɗa, babu kumfa. Na ƙara, na cuɗa, shiru. Mu kuwa da muka tashi da sanin cewa kumfa ita ce shaidar wanka, sai na yi ta tuttulawa har kwalbar ta kusa ganin ƙasa. Ga shi lokacin hunturu ne, kaina kuma ya sha man kaɗe da basilin da wani haɗin man da ƙawata ta kawo mini tsaraba. Shamfun nan mai ladabi ya zo ya gaishe su ya wuce bai taɓa kowa ba. Ba a jima ba ƙaiƙayi ya sauka. Na zama cikin matan nan da za ki gani a gidan suna suna hira suna bubbuga ɗankwali da tafin hannu.

Maƙwabciyata ta ce ai kuskuren shi ne na tsaya a kayan Bature, in koma gargajiya, in nemi sabulun salo. Shi kam ya yi kumfa har da ta sadaka, ya kuma kwashe maiƙon tas. Sai dai da gashin ya bushe ya koma kamar soson wanke tukunya. Mataji ya shiga da haƙoransa cikakku ya fito da giɓi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga masana: sabulu, ko na salo ko na kanti, yana kai 9 zuwa 10 a ma'aunin pH, fatar kai kuwa wajen 5.5 take. Abu mai ɗabi'ar toka da kanwa yana buɗe 'yan ɓawon da suka lulluɓe silin gashi, su tashi tsaye, su riƙa sarƙewa da juna. In kuma ruwan rijiya ne mai yawan ma'adinai, sai sabulun ya bar wani farin dafi a kai. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Daga nan sai Kasuwar Rimi, wajen wata tsohuwa mai sayar da kayan miya. Ta auno mini busasshen karkashi, ta ce da shi iyayensu suka wanke kai tun ba a san kanti ba, shi da ganyen magarya. Gaskiyarta ce. Matan Chadi ma da shi suke yi, yanzu har ƙullawa ake yi a leda ana kai wa masu irin gashinmu a Amurka. Na jiƙa shi a ruwan ɗumi, ya saki yauƙi, na tace na shafa. Wallahi ya yi aiki. Mataji ya riƙa sulalewa, gashi ya yi laushi, ba ihu ba tsinkewa. Sai kaina ya yi girma. Na fara yi wa matan unguwa wa'azi, na kuma fara ƙirƙira. Jiƙon da na yi na gaba na tsiyaya masa man darbejiya, don an ce yana maganin amosani, na rufe a langa na ajiye a kicin ya tsumu.

Yanzu ga yadda ƙaddara ta shirya kayanta. Daren jajiberin kamun ƙanwar maigidan ne, mai kitso za ta zo da sassafe. A yammacin nan Hajiya, surukata, ta aiko wa ɗanta da miyar karkashi, wadda ta sha daddawa da busasshen kifi da barkono, aka kuma malala mata man shanu irin na uwar da ke ganin ɗanta ya rame. A cikin me aka zubo ta? A langata da na kai mata dambu, 'yar'uwar wadda na jiƙa nawa haɗin, fenti ɗaya, fure ɗaya. Yara suka karɓa suka ajiye ta kusa da tawa ba su faɗa mini ba. Bayan isha'i aka ɗauke wuta. Wayata ba caji. Hancina kuma mura ta toshe shi, ko turaren wuta aka kara mini ba zan ji ba. Duk mai adalci zai ga cewa ba ni da hannu a abin da ya biyo baya.

Na lalubo langa na shiga banɗaki. Na ji yauƙin ya fi na kullum kauri, na ce madalla, ya tsumu. Na ji 'yan gutsattsari a yatsuna, na ce ganye ne bai gama narkewa ba. Na raba gashi gida huɗu, na bi kowane gida na cusa masa har saiwa, na murza fatar kai da kyau, wadda dama farce ya gama yi wa zane saboda susa. Sannan na zauna a kan kujera 'yar tsugunno ina jira ya ratsa.

Ya kuwa ratsa. Da farko wani ɗumi na ji, na ce darbejiya ce ke kashe amosani. Sai ɗumin ya zama zafi, zafin ya zama raɗaɗi, wani ɗigo ya gangaro ta goshi ya shige idona na hagu. Ina buɗe baki in yi salati sai na ji an riga ni daga falo.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Abban yara ne. Ya dawo da yunwa, yara sun ce Hajiya ta aiko da miya, ya haska 'yar fitilar wayarsa ya ɗauki langar da ta rage, ya zauna da tuwonsa. Lomar farko ya ji ɗacin da bai taɓa ji ba tun da aka yaye shi, amma da yake girkin mahaifiya ne sai ya runtse ido ya haɗiye don neman albarka. A ta biyu ce biyayya ta ƙare.

Ni kuma na rarumi bokiti na sheƙa wa kaina ruwa. Ruwan hunturu ne da ya kwana a randa. Man shanun Hajiya yana jin sanyi ya daskare a inda yake.

Ƙanwata ce ta cece ni. Ta zo biki daga Zariya, inda ta karanta haɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello. Ta shigo da fitila, ta haska kaina, ta sunsuna, sai ta sulale ta zauna a bakin ƙofa tana dariya har da hawaye. Da ta samu numfashi ta fara wanke mini ido da ruwa mai yawa, ta leƙa ta tabbatar maigidan loma ɗaya kawai ya haɗiya, don man darbejiya ba abin ci ba ne, ta sa aka ɗora ruwan zafi. Muka gwada ragowar shamfun nan mai hoton ganye. Ya gaishe da man shanu ya wuce.

Ta ce, "Yaya, ina shamfunki na da?"

Na yi shiru. Ƙaramin ɗana ya ce, "Yana wajen mai wankin mota."

Haka aka tashi yaron mutane cikin dare. Ya zo da kwalbar saura kwata, yana ba da haƙuri, yana kuma yaba kaya: "Hajiya, gilashi har ɗaukar ido yake yi."

Tana cuɗa mini kai tana karatu, ni kuwa ina duƙe ba halin gudu. Ta ce ƙwayar salfet baki biyu gare ta, ɗaya yana kama maiƙo, ɗaya yana kama ruwa, shi ya sa in an ɗauraye sai maiƙon ya bi ruwa ya tafi. Yawanci daga man kwakwa ko man ƙwarar manja ake fara sarrafa ta. Ta ce shamfun ruwa kamfanin Schwarzkopf ne ya fito da shi a Jamus a 1927, sannan a shekarun 1930 kamfanin Procter & Gamble ya kawo Drene a Amurka, wanda ba sabulu ba ne, don a huta da dafin nan da sabulu ke bari a gashi. Wato abin da na gudu na koma wa, shi mutane suka gudo daga gare shi tun kafin a haifi Hajiya.

Na ce daga ƙarƙashin kumfa, "To ciwon dajin fa?"

Ta ce wannan jita-jita ta girmi WhatsApp. Tun ƙarshen shekarun 1990 take yawo a saƙonnin imel, kuma babu binciken da ya tabbatar da ita. Batun mota kuwa, ai da ruwa ma ake wanke mota, ba mu daina sha ba.

Amma ba ta wanke salfet tas ba. Ta ce mai bidiyon tana da gaskiya a wuri ɗaya: abin yana da ƙarfi, ba ya bambanta dattin da ake so ya tafi da maiƙon da fatar kai ke fitarwa don kare gashi. Gashinmu kuma a murɗe yake, maiƙon ba ya gangarawa har ƙarshen sili yadda yake yi a miƙaƙƙen gashin Indiyawa, don haka dama a bushe yake, balle da hunturu. Mai yawan wanke kai da shi, ko mai fata mai saurin fushi, ko wadda ta sa rilaksa ko rini, za ta ga bushewa da karyewa. Loril ya fi loret zafi. Kuma rubuta "babu salfet" a kwalba ba takardar shaidar kirki ba ce, don wasu suna maye gurbinsa da olefin salfonet, wanda shi ma ba kanwar lasa ba ne, wasu kuwa da masu sanyin hali irin su betayin da gulukosayid. Ƙa'idarta gajera ce: kan da ya sha mai da basilin yana buƙatar mai ƙarfi lokaci-lokaci, a fatar kai za a murza, a ɗauraye sosai, a bi da kwandishana. Tsakanin haka, mai laushi ko karkashi ya wadatar.

"Wanda ba daddawa," in ji ta.

Da safe mai kitso ta zo. Tana tsaga ta tsaya, ta zaro wani abu ta ɗaga shi sama tana dubawa. Ƙayar kifi ce. Ba ta tambaya ba, ni ma ban yi bayani ba. Sai na kawo mata ƙarar dunƙulen gashin da ya fara jefa ni cikin wannan tafiya. Ta ce, "Anti, wanda ya zube ne tun tuni kitso ya riƙe shi, ina kike so ya je?" Lissafin ma yana bayanta. Mutum lafiyayye yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, kitson mako uku kuwa zai tara fiye da 1,000 ya miƙa miki su a zama ɗaya. Sannan ta dangwala yatsa a gaban goshina, inda gashin ya fara ja da baya. "Nan ne abin tsoro, kuma ba shamfu ba ne. Ke ce kullum kike cewa in ja sosai don ya daɗe." A ranar dai sakwa-sakwa aka yi shi.

A wajen kamu gashina ya sha yabo. Ko karkashin ne, ko man shanun ne, ko kwandishanan ƙanwata, Allah ne masani, amma 'yar jelar da ta leƙo ta ƙasan ɗauri sai sheƙi take yi. Hajiya ta kira ɗanta gefe ta tambaye shi ya ya ji miya. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce, "Hajiya, ban taɓa cin irinta ba." Ta ji daɗi ƙwarai, ta yi alkawarin ƙaro wata.

Sirrin da yaron wankin mota ya sani kuwa ba ya kwana. Kafin a kai amarya labari ya zaga unguwa, sai dai ya isa a karkace: wai na samo wani haɗin gashi daga Chadi, ina ɓoye wa mutane. Ranar wuni maƙwabciyata ta jawo ni bayan rumfa, ta waiga hagu da dama, ta rage murya.

"Maman yara, tsakanina da ke. Na samo karkashin, na samo kifin. Daddawar ce ban sani ba, ta kalwa kika sa ko ta waken suya?"