A Bar Lamba Biyar Ya Sha Ruwa

Tsaya, Malam, kada ka wuce tukuna. Na ga yadda ka taɓe baki da ka ji zancen mai tsaron baya zan yi, kuma ba na Madrid ko Barcelona ba, na ƙaramin rukuni, irin wanda ke wanke rigarsa da hannunsa ranar jajibirin wasa. Ka ce wannan ma har ɗan ƙwallo ne? To mene ne shi, ɗan dambe? Ka ce ai kusan hakan ne? Allah Ya shirye ka. Gyara zama, yau ni da kai ne.

Ka ce duk wanda aka tura baya, ƙwallon ce bai iya ba? Na san inda ka samo wannan fatawar: filin makarantar firamare. Can ne in an gama rabon ’yan wasa, mai ƙwallo ya ɗauki lamba tara, abokinsa ya ɗauki goma, ragowar kuma a ce su koma baya su riƙa dokawa. Na kuma san dalilin da ya sa abin ya tsaya maka a rai har yau. Kai aka riƙa turawa. Kada ka musa, tabon da ke ƙaurinka shaida ne.

Amma ƙwallon da ake biyan mutum ya buga ba haka take ba. Tun 1992 doka ta hana gola kama ƙwallon da ɗan ƙungiyarsa ya mayar masa da ƙafa da gangan, saboda haka mai tsaron baya ya rasa mafakar da yake gudu gare ta in ya ji wuta. Dole ya iya tarewa, ya ɗaga kai, ya ba da. Ga kuma tarkon satar fage: mutum huɗu su taka gaba lokaci guda kamar sahun salla, in ɗaya ya makara da taku ɗaya, ɗan gaban abokan hamayya ya fice, daga shi sai gola. In mai tsaron baya ya biyo shi ya kayar, jan kati. In ya ƙyale shi, raga ta motsa. Duk wannan lissafin a cikin ƙiftawar ido, a filin da ƙwallo ke tsalle yadda ta ga dama. Kai kuma da canjin naira dubu ke rikita ka a kasuwar Jega, kai ne mai cewa ba ya aiki da kai.

Ka ce to ƙwallo nawa ya ci bana? Madalla, ka yi tambayar Kawu. Wani yaron unguwarmu, lamba biyar ne a wata ƙungiya da ba zan ambata ba, ya dawo gida bayan an gama kaka, ya durƙusa ya gaida kawunsa. Tsoho ya dube shi ya ce, “Ɗana, ƙwallo nawa ka jefa?” Ya ce, “Ko ɗaya, Kawu.” Tsoho ya yi shiru, ya gyara hula, sannan ya ce, “To mi kaka yi can wata takwas?” Yaro ya ce hanawa yake yi. Kawu ya ce, “Wanga aiki naka, ko ni ina iya shi daga nan bisa tabarma.”

Ka yi dariya, na ji ka. To je ka fadamun Aliero lokacin albasa ka tambayi manomi buhu nawa shingensa ya haifa. Ko ɗaya. Ka ce masa tunda haka ne ya cire shingen ya hura wuta da shi, ka ga irin kallon da zai yi maka. Ranar da aka loda buhuna a mota za a kai Kudu, ba wanda ke yi wa ƙaya godiya. Amma bari akuya ɗaya ta sami kafa ta shiga, nan ne kowa zai tuna akwai shinge, kuma da zagi za a tuna.

Na ga wannan da idona a wani fili a Kimba, da yamma, cikin hunturu, ƙura ta mayar da kowa fari kamar ya fito daga injin niƙa. Wani lamba biyar ya ɗaure idon sawunsa da bandejin da ya sha wanki har ya koma ruwan ƙasa. Duk ƙwallon da aka ɗago, kansa take samu. Sau uku yana zamewa a kan tsakuwa ya ƙwace ƙwallo daga ƙafar wani ɗan gaba mai gudu kamar an koro barewa, har fatar cinyarsa ta saluɓe. Ba tafi, ba kirari. Saura minti biyu a tashi, ƙwallo ta daki wani kututturen ciyawa ta tsallake ƙafarsa, wani ɗan gaba da ya yini yana yawo a fili hannu a ƙugu ya sa mata ɗan yatsa ta shige. Sai na ji murya daga bayana: “An saye shi! Wallahi an saye shi!” Na waiwaya. Kama da kai ya yi ƙwarai, Malam. Ban ce kai ne ba. Na ce dai hular iri ɗaya ce.

An ɗauki ɗan gaba a kafaɗa, ana cusa masa kuɗi a safa. Lamba biyar yana gindin darbejiya yana shafa aidin yana cije leɓe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ka ce ai mugaye ne, masu karya ’ya’yan mutane? Har ka ce ba banza ba Allah Ya ajiye masu ɗori a Aliero, kusa da su? To, wannan ka burge ni, zan ara. Sai dai ka je ka leƙa layin masu jiran ɗorin, ka ƙirga. Wanda ke sa kansa inda wani ke sa takalmi, wanda ke tsalle ya faɗo a kan kafaɗa, wanda ke tare ƙwallo mai zafi da haƙarƙari, shi ya fi zama baƙon mai ɗori. Kuma a ƙaramin rukuni rauni ba hutu ba ne. Ɗan wasan Turai in ya ji ciwo, likitoci ne da na’urori, albashi na shiga. Namu in gwiwa ta tafi, sau da yawa kwantiragi ya bi ta, a ce ya je gida ya warke, za a neme shi. Kai ma ka san ma’anar “za a neme ka” a ƙasar nan.

Ka ce wane ne ma ke kallon wannan rukunin nasu? Ba kai ba dai, wannan na yarda. Kai kana gidan kallo, ka biya kuɗin zama a kan benci, kana rantsuwa a kan Arsenal kamar a Landan aka yanke maka cibiya. Bari in gwada ka. A ƙarƙashin gasar Firimiyar Najeriya mai ƙungiyoyi 20 akwai rukuni na biyu da ake kira NNL, a ƙarƙashinsa kuma akwai NLO. Kebbi United, ta jiharka, a wanne take? Ka yi shiru. Ta buga a NNL, Malam, a nan Birnin Kebbi, tafiyar da ba ta kai wadda kake yi zuwa ɗaurin aure ba. Kuma kafin ka raina rukunin, ka tuna a 2024 El-Kanemi Warriors tana cikinsa ta ɗauki Kofin Ƙalubale na ƙasa, ta doke Abia Warriors ta Firimiya da ci biyu da nema a Legas. Ka lura da kalmar “nema” ɗin nan? Aikin su wa ke nan?

Rayuwar kuwa ba ta masu son jiki ba ce. Mota ɗaya, mutum ashirin da wani abu, ga jakunkuna ga ragar ƙwallaye, a yini a hanya daga wannan kusurwar Arewa zuwa waccan, a sauka ƙafa a kumbure, a kwana, gobe a shiga fili. In wasan waje ne, ’yan kallo ba naka ba, wani lokacin ma ka ji kamar usur ɗin alƙalin wasa ɗan garin ne. Albashi ya zo yau, ya yi nauyin ƙafa gobe. Kaka na ƙarewa, wani ya koma gonar shinkafa, wani ya hau kabu-kabu tsakanin Jega da Maiyama, yana jiran kiran gwaji. Ka ce to me ya ɗaure shi? Abin da ya ɗaure ka a bencin gidan kallo, illa shi nasa son da gumi yake biya, kai naka da surutu.

Ka ce in da ya iya, da yanzu yana Turai? Yawwa! Nan nake jiran ka tun ɗazu. Ka san Zaidu Sanusi? Kada ka ce a’a, na ga hotonsa a bayan wayarka. A Jega aka haife shi a 1997, mai tsaron baya ne ta gefen hagu. Da ya isa Fotugal ba Porto ya sauka ba. Gil Vicente ce ta ɗauke shi, ta tura shi aro Mirandela, wani ƙaramin gari a arewa maso gabashin ƙasar, ƙungiyar rukuni na uku. Na uku, Malam, wanda ko a gidan kallo ba a nunawa. Yana can har 2019, sannan ya koma Santa Clara, can tsibiran Azores a tsakiyar tekun Atlantika. A 2020 Porto ta saye shi, a shekarar kuma ya fara sa rigar Super Eagles. Lokacin da yake shan sanyin Mirandela, da an tambaye ka, me za ka ce? “In da ya iya, da yanzu yana babbar ƙungiya.” Yau kuma kai ne mai cewa ai ɗan unguwar su matar yayanka ne.

Ranar 7 ga Mayun 2022, a gidan Benfica da ke Lisbon, an shiga minti na huɗu na ƙarin lokaci, ɗan Jega ya taso tun daga baya da gudu ya zura ƙwallon da aka tashi da ita ɗaya da nema, Porto ta zama zakaran Fotugal karo na 30. Ka ce ka kama ni? Ka ce ga shi ni ma da na tashi yabon mai tsaron baya sai da na nemo ranar da ya ci ƙwallo? Kai, Malam, ashe kana da wayo haka? To saki rigata ka ji. A ranar, maki ɗaya tak Porto take nema. Da an tashi canjaras ba ci, kofin nata ne. Wato minti casa’in da ’yan kai da ’yan baya suka yi suna hana Benfica, har tarkon satar fage ya sa aka soke ƙwallon Darwin Nunez, su ne suka riga suka dafa tuwon. Ƙwallon Zaidu man shanu ce a kan miya. Duniya ta tuna man shanun, ta manta da wanda ya sha hayaƙi. Kai ma da shi ka tuna, kuma da ban faɗa maka ba, da haka za ka tafi kabari.

Ka ce shi ɗaya ne cikin dubu? Gaskiyarka, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce duk mai bandeji a Kimba zai ga Lisbon ba. Mafi yawansu za su rataye takalmi gwiwa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ba kofi, ba hoto a jarida. Amma ba daga sama ake ɗauko irin su Christian Chukwu da ya ɗaga Kofin Afirka a 1980 ba, ko Stephen Keshi da ya ɗaga shi yana kyaftin a 1994, ya sake ɗagawa yana koci a 2013. Duka biyun ’yan baya ne. A gasar Kofin Afirka da aka ƙare a Abidjan a Fabrairun 2024, wanda aka zaɓa gwarzon gasar baki ɗaya William Troost-Ekong ne, shi ma ɗan baya. Rijiyar da ta ba da waɗannan, wasu ne suka yi ta yashe ta ba a san sunansu ba.

Saboda haka ga shawara, kyauta na ba ka. Ranar da aka sake buga wasa kusa da kai, bar wa Arsenal asabar ɗaya, ba za ta ji rashinka ba. Je fili, kada ka bi ƙwallo da ido, zaɓi lamba biyar ka kafa masa ido minti goma kacal. Ka ga yadda yake waiwaye, yana nuni da hannu, yana jan abokinsa baya, yana toshe kafar da kai ba ka ma san ta buɗe ba. In an tashi ba a ci su ba, saya masa ruwan leda ɗaya.

Ka ce ba ka da canji? Na sani. Tun farko na ce kai ɗan baya ne: ba abin da ke wuce aljihunka.