Zuwa ga Bazazzagin da Akawu Ya Haifa Ranar 1 ga Janairu

Malam na Zazzau, gaisuwa irin ta ubangida da yaronsa. Ina fata ka tashi lafiya, kuma hunturun bana bai fasa maka kaushi kamar na bara ba.

Labari ya iso mana Kano cewa ka fara shirin bikin ranar haihuwarka. An ce har ka sa autanka ya ɗauke ka hoto da babbar riga da hula ƙube, za a ɗora a Facebook ranar 1 ga Janairu. An kuma ce kana bin majalisa-majalisa kana bugun ƙirji, wai manyan mutane da manyan al'amura duk a ranarka suke faɗowa. To, tunda ku Zage-zagi kun ɗauka a bakin Ƙofar Doka aka yanke wa ilimi cibiya, bari ɗan kasuwar Kurmi ya biya maka tarihin ranar taka, kuma kyauta. Ka san Bakano bai saba da kyauta ba, sai ka riƙe hannu bibbiyu.

Mu fara daga gida. Yayarku da bakinta ta gaya mini a tsakiyar damina aka haife ka, har ungozoma ta makara don rafi ya kawo, kuma da dafaffiyar ɗanyar masara aka tari baƙi ranar suna. Yaushe aka fara ruwa a Zariya cikin Janairu? Yadda aka yi kowa ya sani, don rabin sa'o'inmu haka aka yi musu. Ranar da aka kai ka firamare, hedimasta ya ce ɗora hannu bisa kai ka taɓo kunne. Ka miƙa, ka karkata wuya, ka yi 'yar dabara irin taku, yatsa ya taɓo. Ya dubi giɓin bakinka, ya juya wajen Baba ya tambayi shekarar haihuwa. Baba ya ce, "Shekarar da aka yi fara ce, bayan sallar layya." Malam ba shi da kalandar fara. Ya cire murfin alƙalami ya rubuta ɗaya ga wata na ɗaya. Haka ya rubuta wa yaron da ke gabanka, haka ya rubuta wa na bayanka. Ajinku kaf rana ɗaya aka haife ku, sai ka ce gwauron taro aka yi a ɗakin ungozoma.

Wannan ba laifinka ba ne. Shekarar ce aikin hannunka. Katinka na ɗan ƙasa cewa ya yi 1973, kuma mun san da takardar rantsuwa ta shigo, lokacin da ka samu aikin gwamnati ka ji ana cewa shekara sittin ko talatin da biyar a bakin aiki, sai gida. Amma Malam, da za ka zaɓi shekara sai ka rasa wadda za ka ɗauko sai wannan? Ranar 1 ga Janairun 1973, zamanin Janar Gowon, Najeriya ta ajiye fam da sule ta ɗauki naira da kobo. Fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ya koma kobo goma, aka huta da lissafin kwabo goma sha biyu a sule, sule ashirin a fam. Idan har katinka gaskiya ya faɗa, kai da naira tagwaye ne. To wane ne yake cika mana kunne da labarin yadda yake sayen gyaɗa da kwabo mai huji a Tudun Wada, da yadda taro yake isarsa kallon sinima har ya ci tsire? A cikin zanin goyo ka yi wannan cinikin? Ramin ƙarya ƙurarre ne. Sai dai tagwaitakar ta yi daidai ta fuska ɗaya: lokacin da aka haifi naira ta fi dalar Amurka ƙarfi, yau sai an tara fiye da dubu kafin a samu dala ɗaya, kai ma kuma ka san yadda gwiwarka take yi in za ka tashi daga tabarma.

Ka kwantar da hankalinka, ba kai kaɗai akawu ya haifa a ranar nan ba. Ranar kanta ta akawu ce. Yaƙi da girgizar ƙasa da mutuwa ba sa duba kalanda, amma mai mulki in yana da doka ko sabon kuɗi ko ƙasar da zai ɗinka, sai ya ajiye ta sai farkon shekara, don littafin lissafi ya buɗe da sabon shafi. Mafi yawan "manyan al'amuran" da kake taƙama da su, da tawada aka yi su.

Duba na farko da ya shafe mu. Ranar 1 ga Janairun 1900, a Lakwaja, aka sauke tutar kamfanin Royal Niger aka ɗaga ta Ingila, Lugga ya shelanta cewa ƙasar Arewa ta shiga ƙarƙashin kariyar Turawa. A ranar Sarkin Musulmi yana kan gadonsa a Sakkwato, Sarki Alu yana nasa a Kano, ba wanda aka tambaya. A takarda aka ci ƙasar, sannan aka zo ana neman ta da igwa. A nan ne nake so ka gyara zama. Da Nagwamatse na Kwantagora ya matsa wa ƙasar Zazzau, Sarki Kwasau ya nemi taimakon Turawa. Suka zo a 1902, suka sauka, suka ga wuri ya yi musu, ba a jima ba suka tuɓe mai masaukin. Daga garinku kuma Kanar Morland ya ɗauro mana yaƙi a ƙarshen Janairun 1903. Bebeji ta tsaya aka fasa ta, Kano ta rufe ƙofofi sai da aka sa igwa, ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu. Na san abin da za ka ce, wai ai Sarki Alu ba ya gari. E, ya tafi Sakkwato. Amma mu maigida ba ya nan ma sai da aka ɓalle ƙyaure, ku maigida yana nan aka shimfiɗa tabarma. Ƙarshenta dai ba wanda ya ci riba: Sarki Alu namu da Sarki Aliyu Ɗan Sidi naku duk a Lakwajar nan suka ƙare kwanakinsu, nesa da gida. Allah ya jiƙansu.

Shekara goma sha huɗu bayan shelar Lakwaja, a rana irin wannan ta 1914, Luggan nan dai ya haɗa Arewa da Kudu ya zama Gwamna Janar. Dalilin ma na akawu ne: baitulmalin Arewa ba ya riƙe kansa, na Kudu yana da kuɗin kwastan na tashoshin jiragen ruwa, Landan kuma ta gaji da cikawa daga aljihunta. Aure aka ɗaura ba waliyyi ba shaidu, ga shi har yau ana zaune, ana hararar juna ana cin tuwo kwano ɗaya. Masu saki ma ranar suke zaɓa. A 1993 ƙasar Chekoslobakiya ta rabu gida biyu, Chek da Sulobakiya, ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Kuɗin yuro ma haka, a littafi a 1999, a hannun jama'a a 2002.

Wadda ba za mu manta ba ita ce ta 2012. Ran Lahadi, mutane sun tafi garuruwansu hutu, sai gwamnatin Jonathan ta cire tallafin mai. Litar fetur ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141. Wasu kuɗin motar komawa ma gagararsu ya yi. Ƙungiyar ƙwadago ta shiga yajin aiki ranar 9 ga wata, a Kano matasa suka kwana a shataletalen Silver Jubilee cikin sanyin nan, sai da aka dawo da lita naira 97 ƙura ta lafa. Kyautar da aka ba talaka ke nan ranar haihuwarka, Malam. Ban ji ka saka wannan a jerin da kake karanta wa majalisa ba.

Ba zan hana ka haƙƙinka ba, akwai abin alfahari a ranar. Sudan ta samu 'yancin kai ranar 1 ga Janairun 1956, Kamaru a 1960 ƙarƙashin Ahmadu Ahidjo mutumin Garwa. Wadda ta fi burge ni kuwa ita ce Haiti. Bayi ne 'yan asalin Afirka da ake azabtarwa a gonakin rake suka tashi tun 1791, suka yi ta gwabzawa har suka karya rundunar da Napoleon ya aiko, sannan ranar 1 ga Janairun 1804 Dessalines ya shelanta 'yancin ƙasar a garin Gonaïves. Wannan kam da jini aka rubuta kafin akawu ya zo. Duk da haka akawu bai bar su ba: a 1825 Faransa ta turo jiragen yaƙi ta ce sai sun biya faran miliyan 150, diyyar "dukiyar" da iyayengiji suka rasa, wato su kansu. Bashin ya bi su jika da kaka. Har yau duk ranar 1 ga Janairu mutanen Haiti miyar kabewa suke sha, don an ce a zamanin bauta su ke dafa ta amma an hana su ɗanɗanawa. Ka ga masu biki da dalili.

Akwai kuma waɗanda suka lura cewa daren jajibirin shekara masu gadi hankalinsu yana wajen shagali. A Kyuba, Batista ya tara manyansa liyafar sabuwar shekara, kafin asubar 1 ga Janairun 1959 ya haye jirgi ya tsere Jamhuriyar Dominika, Fidel Castro ya shigo Habana bayan mako guda. A Afirka ta Tsakiya, Kanar Bokassa ya kifar da ɗan uwansa David Dacko a daren da 1966 ta shigo. Shugabanci bai ishe shi ba, a 1977 ya naɗa wa kansa kambin sarkin sarakuna, bayan shekara biyu Faransawan da suka taya shi biki suka kore shi suka dawo da Dacko. Mu ma nan an kwana da Shagari an tashi da soja, 1984 ta shigo Janar Buhari ne shugaba. Duk lokacin da na gan ka cikin rigar nan mai aska tara kana tafiya kana waiwayen kanka, naɗin Bokassa nake tunawa.

Sai abokan haihuwarka. A takarda, Mahamadou Issoufou na Nijar 1 ga Janairun 1952 ne, Mohamed Bazoum da ya gaje shi 1 ga Janairun 1960, Umar al-Bashir na Sudan 1 ga Janairun 1944. Ban ce komai ba, manya ne, a bar kaza cikin gashinta. Akwai Pierre de Coubertin, wanda ya farfaɗo da wasannin Olamfik a Atina a 1896. Shi an haife shi a ranar a 1863, a Paris, inda ake rubuta jariri a rajista tun cibiya ba ta faɗi ba, don haka kada ka raɓe shi. 'Yan uwanka na haƙiƙa suna barga. A dokar sukuwar Turawa, a Ingila da Amurka da sauran ƙasashen arewacin duniya, duk dokin tsere ranar 1 ga Janairu ake ƙara masa shekara, ko da wane wata godiya ta haife shi. Wanda ya faɗo ranar 31 ga Disamba, washegari ɗan shekara ɗaya ne a littafi. A kudancin duniya, kamar Ostareliya, 1 ga Agusta suke amfani da ita, wadda ma ta fi kusa da daminar da aka haife ka. Bambancinku kawai, shi doki ƙara masa ake yi, kai ragewa ka yi. Kuma in an yi gardama ana buɗe bakin doki a duba haƙora. Naka da suka rage ba su isa shaida ba.

A cikin waɗanda suka mutu a ranar, mutum biyu na ware maka. Heinrich Hertz, Bajamushen da ya tabbatar da cewa akwai igiyoyin da ke tafiya a iska ba waya, ya mutu ranar 1 ga Janairun 1894 yana da shekara 36. Kilohaz da megahaz ɗin da ke jikin rediyonka sunansa ne. Ba don irin aikinsa ba, da ba ka samu akwatin da kake mannawa a kunne tun asuba kana musu da masu labarai ba. Shekara 36, ya bar wa duniya rediyo. Kai a ƙidayar kati ma ka ba hamsin baya, a ta yayarku kuwa ba a magana, abin da ka bar mana shi ne gardama.

Na biyun shi ne ya fi shafarka, tunda na ji kana yawan zarya wata unguwa bayan magariba da turare har ana jiyo ka daga bakin titi. Sarkin Faransa Louis na 12 yana da shekara 52 ya auri Mary Tudor, ƙanwar sarkin Ingila Henry na 8, yarinya 'yar shekara 18, yana neman ɗa namiji magaji. An ɗaura aure cikin Oktoban 1514. Ranar 1 ga Janairun 1515 aka wayi gari ba shi. Wata uku bai cika ba. Masu tarihi sun ce ciwon gaɓoɓi ne da ya daɗe yana fama da shi, mutanen gari kuwa abin da suka ce daban ne, kuma ba zan maimaita a jarida ba. Amarya ta gama zaman makoki ta auri wanda take so tun farko. Shi fa 52 ɗinsa ta gaskiya ce, ba ta rantsuwa ba. In iyayen yarinyar nan suka tambayi shekarunka, don Allah kada ka miƙa musu kati, ka tura su wajen yayarku.

Duk da haka zan zo bikin, don ba a ce Bakano ya ƙi zumunci ba. Ka gaya wa uwargida ta yi miyar taushe, kabewa ta ji, mu taya mutanen Haiti murna, tunda su ne masu ranar. Kek ɗin nan ka bar wa jikoki, kyandir ɗin da zai ɗauke shekarunka na gaskiya sai an kira 'yan kwana-kwana. Kuɗin mota zuwa da dawowa a wuyanka yake, kuma ka haɗo da kuɗin sharata na cika-cikin bana da ka laɓe ka ƙi biya. Da naira nake so, kada ka kawo mini kwabo mai huji.

Ubangidanka na Kurmi.